Kwandalar da Na Tsinta a Shafin Kwat

Shekarar da nake da cikin 'yata ta uku, maigidana ya sayo wata tsohuwar kwat a wajen masu gwanjo a kasuwar Minjibir. Manomi ne, amma idan aikin gona ya yi sauƙi yakan ɗaura hatsi ko gyaɗa a bayan babur ya ci kasuwannin da ke kewaye da mu, kuma ya daɗe yana kukan iskar safiya tana shigar masa ƙirji. Kwat ɗin ruwan toka ce, mai kauri, ta ɗan yi masa yawa. Ya miƙo mini ita don ni ce mai keken ɗinki a gidan, har ma a unguwar, ya ce in rage hannun in kuma kama shafin da ya yage daga ciki.

Washegari da hantsi na shimfiɗa ta a kan cinyata ina bin ɗinkin da yatsa, sai na ji wani abu mai tauri a can ƙasa, tsakanin shafi da jikin rigar. Aljihun ya huje, abin ya zurare ciki ya maƙale. Na sa reza na farke wurin, sai ga kwandala ta faɗo a kan tabarma.

Ban taɓa ganin irinta ba. Ta fi duk wani kwabo da na sani girma da nauyi, launinta rawaya, tana ƙyalli kamar jiya aka yi ta. A gefe ɗaya an zana wani katafaren gini a kan tudu, mai hasumiyoyi dogaye da gajeru, saman bangonsa tsaga-tsaga kamar zankwayen soro, da tuta a can ƙoli. Aikin ya fita sosai, har ƙananan tagogi ana iya ƙirgawa. A ɗaya gefen akwai kambin sarauta da rubutun boko a kewaye. Na yi makaranta har sakandare, amma na kasa karanta shi, don ba Turancin da aka koya mana ba ne.

Inna, mahaifiyar maigidana, tare muke zaune, ɗakinta ne na farko idan an shigo daga zaure. Ita na fara nuna wa. Ta ƙi karɓa. Ta leƙa ta daga tafin hannuna ta ja da baya.

"Mayar da ita inda kika ɗauko," ta ce. "Ba ki san mai rigar nan ba. Ba ki san ko yana da rai ba. Abin da ba a san asalinsa ba, ba a kwana da shi a ɗaki."

Na yi dariya na ce, "Inna, kuɗin Turawa ne fa."

"To Turawan ba su da aljanu?"

Da maigidana ya dawo daga gona ya juya ta a hannunsa, ya gwada nauyinta, ya ce tsintuwa ce, zai tambayi liman hukuncinta. Ya ce in ajiye, kada in nuna wa kowa tukuna. Na ce to. Na ƙulle ta a tsumma na jefa a cikin aljihun keken, tare da zare da allurai.

Kwana biyu na riƙe wannan umarni. A rana ta uku maƙwabciyata ta shigo karɓar ɗinkinta. Ƙawata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma babu abin da muke ɓoye wa juna. Na buɗe aljihun keken zan ɗauko almakashi, ƙullin ya bayyana, ni kuma bakina yana ƙaiƙayi tun ranar da na tsinci abin. Na kwance na ɗora a tafin hannuna.

"Kalli abin da aka aiko mana daga Turai," na ce da ita. "Gwal ne zalla. Kwanan nan za ki ji mun koma birni."

Wasa nake yi, ita ma ta yi dariya. Amma ta zaro wayarta ta ɗauki hoton kwandalar a hannuna, ta ce za ta tura wa ƙanin mijinta da ke birni, shi ya san irin waɗannan abubuwa. Na ce kada ta tura wa kowa bayan shi. Ta ce haba, sai ka ce yarinya.

Bayan kamar kwana goma aka yi suna a gidan wata 'yar uwata a wani ƙauye da ke gaba da mu, wajen hanyar Makoɗa. Na je. Muna zaune a tsakar gida ana rabon waina, sai wata mata da ke kusa da ni, wadda ban taɓa gani ba, ta tambaye ni daga ina nake. Na faɗa mata. Ta gyara zama.

"Af, garinku ne ashe aka tono gwal."

Na ce ban ji ba.

"Kina garin ba ki ji ba? Wani mai kai hatsi kasuwa ne. An ce yana cirar gyaɗa fartanyarsa ta daki tulu, cike da kuɗin sarakunan da. Ya ɓoye, ko 'yan uwansa bai faɗa wa ba. Tsaya ki gani."

Ta lalubo wayarta ta miƙo mini. Ga kwandalar, ga ginin da hasumiyoyinsa, ga tafin hannuna a ƙarƙashi da jan lallen da na ƙunsa, har da ɗan tabon da allurar keke ta yi mini a yatsa. Lallen bai gama fita daga hannuna ba a ranar. Na janye hannun a hankali na cusa shi cikin mayafi. Matan da ke kusa suka matso, wayar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Wata ta ce ita tulu biyu ta ji. Wata tsohuwa ta girgiza kai ta ce, "Allah ya rufa masa asiri. A wannan zamanin ba a so a san kana da ko akuya."

Wainar da ke gabana ban iya ci ba. Na ce cikina ne ya motsa, na yi sallama tun kafin la'asar.

Dole in faɗi yadda lokacin yake, don wanda bai zauna a irin wurinmu ba zai ce me ya kai tsoro cikin zancen mata a gidan suna. Mu garinmu ba a taɓa shigowa an ɗauki mutum ba. Gonaki ne da gidaje a jere, daga wannan ƙauye kana hango rufin kwanon wancan, babu dajin da wani zai ɓuya. Amma a wannan shekarar labarin masu satar mutane ya matso. Da muna jin sa daga nesa, a rediyo. Sai muka fara jin sa daga bakin mutanen da suka baro garuruwan yamma da mu suka zo suka raɓa da dangi. Abu ɗaya kowa yake maimaitawa: ba sa zuwa haka kawai. Sai wani na gida ya ba su labari cewa wane ya sayar da shanu, wane ɗansa ya aiko masa daga waje. Kuma idan sun ɗauki mutum, abin da aka faɗa musu yana da shi, shi za su nema. Ba a yi musu rantsuwa cewa babu.

Wannan na ƙarshen shi na yi ta juyawa a raina a kan hanyar komawa. Idan an ɗauki maigidana aka ce a kawo tulun gwal, me za mu kai?

Na same shi a tsakar gida yana gyaran sarƙar babur. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da maganar da na yi da bakina cewa gwal ne. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Bai yi ba. Ya ajiye sifana, ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Shi ya sa," ya ce. "Kwana uku ke nan mutanen da ba ma ko gaisawa suna tsayar da ni suna tambayar lafiyar iyali. Jiya wani ya ce in tuna da shi. Na rasa gane me zan tuna."

Inna tana bakin ƙofarta tana jin mu. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Carbinta kawai ta ɗauka ta koma ciki.

Maigidana ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana bayani. Ya je wurin liman, ya je majalisar da yake zama, ya ce kwandala ɗaya ce, a rigar gwanjo aka same ta. Kowa ya ce masa haka ne, Allah ya kyauta. Amma ya ce da ni yana ganin idanunsu, babu wanda ya yarda. Wanda ya sami tulu ma abin da zai faɗa ke nan.

Ranar da wasu baƙi suka zo ƙofarmu, maigidana ya tafi kasuwar Makoɗa. Babbar 'yata tana makarantar allo, ƙaramar tana barci a ɗakin Inna. Bayan azahar ne, unguwa ta yi tsit, maza duk suna gona wajen gyaɗa. Ina kan keke na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Na san ƙarar babur ɗinmu, na san ta maƙwabta. Wannan ba ɗaya daga ciki ba ce. Aka kashe injin. Aka daɗe ba a yi sallama ba.

Sannan wata murya ta ce, "Salamu alaikum."

Na taso na tsaya a bayan ƙyauren zaure na amsa. Ƙyauren langa-langa ne, akwai tazara a ƙasansa. Ta nan na ga ƙafafun mutum biyu, ɗaya da takalmin roba, ɗaya da takalmi sau-ciki mai igiya duk ya yi taɓo.

"Maigidan yana nan?"

Na buɗe baki zan ce ya tafi kasuwa, sai na ji hannun Inna a kafaɗata. Ban san lokacin da ta fito ba. Ta matse ni, ta ɗaga murya.

"Su wane ne?"

"Baƙi ne, Inna. Wajensa muka zo."

"Yana nan bayan gari shi da ƙannensa da 'yan aiki. Daga ina?"

Ba su faɗi daga ina ba. Mai maganar ya ce, "Ba yau yake cin Makoɗa ba?"

Sun san ranar kasuwarsa.

"Yau bai je ba," in ji Inna, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ku faɗi saƙonku."

"A'a, magana ce ta maza. Wace hanya yakan biyo in zai dawo, ta titi ko ta cikin gonaki?"

"Ɗan nan, na ce maka bai je ba."

Na ji suna magana ƙasa-ƙasa, ban kama ko kalma ɗaya ba. Mai takalmin igiya ya tako har jikin ƙyauren, inuwarsa ta toshe hasken da ke shigowa ta ƙasa. Sakatar ƙyauren wani ɗan ƙarfe ne da yaro ma zai iya ɓallewa da ƙafa. Ina kallonta. Abin da ke cikina ya daina motsi.

"To a ba mu ruwa mu sha," ya ce.

A garinmu ba a hana baƙo ruwa. Ban taɓa jin an yi ba. Inna ta ce, "Akwai famfo a bakin masallaci, ga shi can kuna hange."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ƙafafun suka juya, aka tayar da babur. Ba su nufi masallaci ba, hanyar Makoɗa suka bi.

Na rarumi waya, sau uku ina kuskuren danna lambar maigidana. Da ya ɗauka na kasa haɗa magana, Inna ce ta karɓa ta ce masa kada ya biyo hanyar da ya saba, kada kuma ya taho shi kaɗai. Ya bar babur ɗin a wurin wani abokinsa, ya shigo motar haya ta zagaye, ya iso gab da magariba. Tsakanin wayar da isowarsa ban zauna ba. Na aika aka ɗauko mini 'yata daga makarantar allo, na sa ta a ɗaki ita da ƙanwarta na rufe, ni kuma na yi ta kaiwa da komowa tsakanin ɗakin da zaure.

Bayan kwana biyu, maigidana yana cin tuwon rana, wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Ina kusa, na ji muryar da ke ciki.

"Mun ji Allah ya yi maka buɗi. Muna taya ka murna."

"Wane ne?" ya ce.

Aka kashe. Ya kira lambar, a rufe. Ya ture kwanon gefe ya wanke hannu.

Daga ranar ya daina zuwa kasuwa. Gona ma sai da ƙannensa biyu, kuma ba ya kaiwa la'asar. Muka hana babbar 'yarmu zuwa makaranta, muka ce mata malamai ne ba sa nan, ta kalle mu don tana jin ƙawayenta suna wucewa da safe. Na daina karɓar ɗinki saboda ƙarar keken tana hana ni jin abin da ke faruwa a waje. Dagaci ya sa 'yan sintiri su riƙa leƙa layinmu, amma wannan ma sai ya zama abin magana: in babu komai a gidan, me ake gadi? Maƙwabciyata ta shigo tana kuka, ta rantse mutum ɗaya ta tura wa. Na yarda da ita. Na ce ta tashi ta tafi, ba don ina fushi ba, sai don ba ni da ƙarfin rarrashin kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na koma kallon mutane. Mai kawo mana itace, mai sayen ƙuli, matar da ta shigo aron turmi, duk wanda idonsa ya ɗan zagaya tsakar gida sai in ce shi ne mai kai labarin. Mutanen da na sani tun ina amarya.

Inna ta ce a jefa kwandalar a tsohuwar rijiya a huta. Maigidana ya ce, "Inna, in na jefa ta, da me zan nuna ba gwal ba ce? Kuma in gwal ɗin ce, gara in sani." Ya yanke shawarar kai ta birni wurin masu sayar da gwal. Ranar awona ta kusa, sai muka ce da mutane asibitin birni za a kai ni. Na ƙulle kwandalar a bakin zanina na soke a ƙugu.

A mota ina jin ta tana danna mini fata. Wani babur mai mutum biyu ya biyo bayanmu tun daga tasha. Duk sanda na waiwaya yana nan. Direba ya tsaya ɗaukar fasinja, babur ɗin ya rage gudu. Na kama hannun rigar maigidana, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Ya ce a hankali, "Na gan su. Daina waiwaye." Sai da muka kusa shiga gari suka karya wata kwana, na ga ashe na bayan buhun barkono ya rungume.

Shagon da muka shiga ƙarami ne, a cikin kasuwa, mai gilashi a gaba. Mai shi wani dattijon Alhaji ne da tabarau. Maigidana ya rage murya ya yi masa bayani, ni kuma na juya baya na kwance ƙullin. Alhajin ya karɓa, ya ɗora a ma'auni, ya goga gefenta a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga wani ruwa daga 'yar kwalba a kan zanen da ta bari. Zanen ya ɓace nan take.

"Malam, wannan tagulla ce," ya ce. "Ruwan gwal aka shafa mata a sama, shi ma ba mai yawa ba."

"Alhaji, ka tabbata?"

"Tun kafin a haife ka nake wannan aikin. Ba ma kuɗin kashewa ba ce. Ana kawo mini irinta jifa-jifa, yawanci daga gwanjo, kamar taku."

Ya ɗauki hotonta da wayarsa ya ɗan latsa, sannan ya juyo mana da fuskar wayar. Ga ginin nan na gaske, na dutse, a kan tudu, da korayen itatuwa a ƙasansa da mutane ƙanana a bakin ƙofa. Ya ce fadar sarakunan wata ƙasa ce a Turai, tsohuwa ƙwarai, ta yi shekaru ɗaruruwa. Da aka zo bikin tunawa da gina ta sai aka buga irin wannan kwandala don girmama ta, masu zuwa kallon fadar suna saya su kai gida tsaraba, ko su ba jikoki.

Na tsaya ina kallon hoton. Wani bawan Allah ya je yawon buɗe ido, ya sayi tsarabarsa ya jefa a aljihu, aljihun ya huje, ƙila ya neme ta kwana biyu ya manta. Mu kuma ga mu nan sati uku ba ma iya cin abinci.

Maigidana ya yi hamdala, ya sake yi. Sai kuma fuskarsa ta koma yadda take. "Alhaji, to wa zai yarda? In na koma na ce tagulla ce, cewa za a yi na sayar na ɓoye kuɗin."

Ya ba shi labarin baƙin da suka zo da wayar da aka yi. Alhajin ya cire tabarau, dariyar da ke fuskarsa ta tafi.

"Kada ka gaya musu da baki," ya ce. "Bari su gani da idonsu. Kuna da maƙeri a garin? A raba ta biyu a gaban jama'a. Kuma ka yi da wuri, kada ka kai wani satin."

Ya rubuta a takarda cewa ya gwada, tagulla ce, ya sa lambar wayarsa, ya ce duk mai shakka ya kira shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, dagaci ya ce kowa ya dakata. Ni ban je ba, amma maƙerar tana bayan masallaci, ba nisa da gidanmu, kuma maigidana ya ba ni labarin abin da ban ji da kunnena ba. Dagaci ya ɗaga kwandalar, ya sa aka buɗe hoton da ke yawo a waya aka gwada, kowa ya ga ita ce. Maigidana ya ɗauko kwat ɗin ya nuna hujin aljihun da inda na farke. Ya rantse da Allah a gaban liman cewa ita kaɗai ce, babu tulu, babu komai, gonarsa kuma ga ta can, duk mai so ya je ya tona. Sannan maƙeri ya kama ta da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera.

Ina tsakar gida na ji bugun. Sau huɗu. Inna tana zaune a kan turmi ta rufe ido tana motsa baki.

Da ta rabu, cikinta ja-ja ne mai duhu, kamar tsohuwar wayar lantarki. Maƙerin ya goga magagari a fuskarta, rawayar ta tafi nan da nan. Ɓarin biyu suka zagaya hannun mutane. Wasu suka yi dariya, wasu suka zo suka ba maigidana hannu suna cewa Allah ya kiyaye gaba. Ya ce ya ji wani a baya yana cewa ai mai wayo ba zai kawo ta gasken ba. Bai waiwaya ya ga ko wane ne ba, ya ce ba ya so ya sani. Dagaci ya riƙe ɓari ɗaya tare da takardar Alhajin don nuna wa duk baƙon da ya zo da tambaya. Ɗayan aka bar wa maƙeri. Samari suka ɗauki hoton ɓarin, shi ma ya shiga wayoyi, ko da yake bai yi gudun na farko ba.

Ba mu taɓa sanin su wane ne suka zo ƙofarmu ba. Wani ya ce dillalan kayan tarihi ne, akwai masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin abubuwa. Mai yiwuwa ne. Amma dillali yakan faɗi sunansa da garinsu, kuma ban san abin da zai yi da hanyar da mutum yake biyowa ba. Lambar nan ma ba ta sake kira ba.

Tsoron bai tafi ranar Juma'ar ba, a hankali ya riƙa raguwa. Gyaɗar da muka bari a ƙasa ruwan ƙarshe ya same ta, wani sashe ya tsiro a cikin kwanso. Maigidana bai koma cin kasuwa ba sai bayan na haihu, kuma ya daina tafiya shi kaɗai, ya daina faɗa wa kowa ranar da zai fita, har ni sai da safen nake ji. Ya sa aka canza ƙyauren zaure da na ƙarfe. Ni da maƙwabciyata mun shirya, muna gaisawa, muna shiga sabgar juna, amma hirar da muke yi ta kan katanga ba ta dawo ba.

Ran Litinin ɗin da ta biyo bayan Juma'ar muka mayar da babbar 'yarmu makaranta. Ta tashi tun da wuri ta wanke ƙafa ta sa hijabinta, tana ta murna. Na raka ta har zaure, na buɗe ƙyauren kaɗan. Ƙawayenta biyu suna jiranta a bakin hanya. Suka jera suna surutu, suka bi ta gefen gonar dawa, ina hango fararen hijabansu suna ɓacewa suna bayyana a tsakanin kara. Na ce zan koma ciki in sun kai gindin tsamiya. Suka kai, suka wuce, ban motsa ba, sai da Inna ta kira ni ta ce kunun da na ɗora yana ƙonewa.